A Koya Wa Ɗalibi Gane Ƙwan Tsargiya da Idonsa

Yaron unguwar Arkilla da ya yi iyo a kududdufi ko a gulbin Rima, ya dawo yana fitsarin jini, lafiyarsa tana hannun wanda zai leƙa fitsarin nan a madubin likita. Ƙwan tsargiya yana da ƙaya a gindinsa, kuma an fi kama shi a fitsarin da aka karɓa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. Ɗalibin da bai taɓa ganinsa ba sai a hoton littafi zai iya wuce shi, ya rubuta babu komai, yaro ya koma gida da cutarsa. Haka makero: sai an kankaro ɓawon kai, an ɗiga sinadarin KOH, sannan zaren fumfunar ya bayyana. Tsinken gwajin maleriya yana da amfani, amma ba ya ƙirga yawan ƙwayoyin da ke cikin jini. Wannan aikin ido ne. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da kwalejin kiwon lafiya ta Gwadabawa suna yaye masu wannan aiki. Don Allah, hukumomi, ku wadata su da madubai, da wutar lantarki, da samfura na gaske, kowane ɗalibi ya zauna ya duba da kansa.