Ƙurar amiyant ba ta nuna kanta sai an tsufa

Faransa ta hana amiyant tun 1997, Amurka sai a 2024. Mu kuwa, jama'a, ƴan bidarmu na can Libiya da Aljeriya suna rusa tsofaffin gine-gine, ko ƙyalle babu a hanci. Rufin siminti mai amiyant, in ba a taɓa shi ba, da sauƙi. Fasa shi ne ke tada ƙurar da ke maƙalewa a ƙirji. Bayan shekara 20 zuwa 50 sai sankara ta kama fatar da ta lulluɓe huhu, mu ce tarin fuka ne. Ko matar da ke wanke tufafin aikin ba ta tsira ba. Wanda ya taɓa wannan aiki, in numfashi ya fara yi masa wuya, ya gaya wa likita tun bai tambaya ba.