Kalmar sirri ɗaya, ma'aikata goma: ƙofar da ake sakaci da ita a ɗakin sabobi

Duk lokacin da mai waya ya tura kuɗi ta manhajar banki, ko ya duba sakamakon jarrabawa, ko ya aika saƙon murya a WhatsApp, aikin ba a cikin wayar yake ƙarewa ba. Wayar tana miƙa buƙatar ne ga wata babbar kwamfuta da ake kira sabar, wadda wasu ke ce wa uwar garke, tana can cikin ɗaki mai sanyi a wata cibiyar adana bayanai. Mai wayar ya kulle ta da zanen yatsa, ya ɓoye lambar sirrinsa ko ga na kusa da shi. Amma a ɗaya ɓangaren akwai wata ƙofa da ake iya kashe sabar gaba ɗaya ta cikinta, kuma a wurare da dama mukullinta kalmar sirri ce guda ɗaya da duk 'yan sashen suka sani, har da waɗanda suka daɗe da barin aiki.

Lokaci ya yi da za a daina wannan ɗabi'a. Duk mai shiga wannan ƙofa ya kamata ya shiga da sunansa, kuma iznin shigar ya fito daga kundin ma'aikata guda ɗaya na kamfani, inda za a iya soke shi a rana ɗaya.

Kwamfutar da ba ta barci

Manyan kamfanoni kan sayi sabobi a cikin akwatin ƙarfe guda, ana zura su ciki kamar aljihunan durowa. Akwatin PowerEdge M1000e na Dell, alal misali, yana iya ɗaukar sirararan sabobi 16, dukkansu suna shan wuta da iskar fanka da hanyar sadarwa daga wuri ɗaya. A bayan akwatin akwai wata ƙaramar na'ura mai kula da shi, Dell na kiranta CMC, a akwatin BladeSystem c7000 na HP kuma sunanta Onboard Administrator. Bayan ita, kowace sabar tana da tata 'yar na'urar sa ido: iDRAC a kayan Dell, iLO a kayan HP.

Wannan na'ura kwamfuta ce mai cin gashin kanta. Tana da ƙwaƙwalwarta da manhajarta da hanyarta ta sadarwa. Muddin igiyar wuta na jone, tana aiki ko da an kashe sabar. Ta cikinta injiniya zai iya kunna sabar ko kashe ta daga wani gari, ya ga abin da ke kan allonta, ya goge babbar manhajar ya ɗora sabuwa. Manhajar tsaron da aka sa wa Windows ko Linux ba ta ganin abin da ke faruwa a can, domin na'urar tana ƙarƙashinta ne. Wanda ya samu shiga CMC kamar mutumin da ke tsaye a gaban akwatin yake, da mukullin ɗakin a aljihunsa.

Kalmomin sirrin da duniya ta haddace

Shekara da shekaru na'urorin Dell suna fitowa daga masana'anta da suna root da kalmar sirri calvin. Na Supermicro kuwa ADMIN ne sunan, ADMIN ne kalmar sirrin. Ba wani ɓoyayyen abu ba ne, a rubuce yake cikin littafin da ke zuwa da kayan. Daga baya an gyara: Dell ta fara sa wa sababbin sabobinta kalmar sirri daban-daban tun daga samfurin iDRAC9, Supermicro ma ta bi sahu a ƙarshen 2019, gabanin wata dokar jihar Kalifoniya da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020. Sai dai tsofaffin kayan ba su ɓace ba. Suna nan suna aiki, wasu kuma sun shiga kasuwar kayan hannu, inda mai saye kan iya samun na'ura da asusun tsohon mai ita a ciki.

Matsalar ta wuce kalmar masana'anta. A 2013 masu binciken tsaro Dan Farmer da HD Moore suka nuna cewa IPMI, wato ƙa'idar sadarwar da yawancin waɗannan na'urori ke amfani da ita, tana da aibi tun daga tsarinta. Idan mutum ya san sunan asusu, na'urar za ta miƙa masa kalmar sirrin a dunƙule tun kafin ya tabbatar da ko shi wane ne, shi kuma ya koma gefe ya yi ta gwada warware ta da kwamfutarsa. A Disambar 2018 aka samu rahoton wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna JungleSec da ke shiga sabobi ta wannan ƙofa ta IPMI. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Asusun da ba shi da suna

Wani zai ce ai shi ke nan, a canza calvin da doguwar kalma mai wuyar canka. Hakan ya fi babu, amma idan mutum goma ne suka san doguwar kalmar, babbar matsalar tana nan daram. Na'urar tana rubuta duk abin da aka yi a cikinta. Ranar da aka kashe wata sabar da ƙarfe biyun dare, rajistar za ta nuna cewa root ne ya kashe. Wane ne root a cikin mutum goman? Ba wanda zai iya faɗa, ba wanda za a kama da hujja, kuma ba wanda zai iya wanke kansa daga zargi.

Buɗe wa kowa asusunsa a cikin na'urar ma bai wadatar ba. CMC na Dell ba ya ɗaukar asusun cikin gida fiye da 16, kuma kowace na'ura da nata jerin sunayen. A ɗauka kamfani na da akwati 10, kowanne cike da sabobi 16. Na'urorin sa ido sun zama 170 ke nan. Ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki, wurare 170 za a bi a goge sunansa, kuma mantuwa a guda ɗaya ta isa.

Abin da asusun da aka manta ke jawowa ba hasashe ba ne. Wani injiniyan Cisco ya ajiye aiki a Afrilun 2018, amma a Satumbar shekarar ya samu shiga sabobin kamfanin da ke kan AWS, ya goge kwamfutocin gaibu 456. Asusun WebEx Teams sama da 16,000 suka tsaya, wasu har mako biyu, kotu a Amurka kuma ta yanke masa ɗaurin shekara biyu. A 2021 masu kutse suka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline ta wani tsohon asusun VPN da ba ya neman tantancewa ta biyu. Kamfanin ya biya kuɗin fansa kimanin dala miliyan 4.4, aka yi ta layin mai a gabashin Amurka. Duka biyun ba ta CMC aka shiga ba, amma cutar iri ɗaya ce: ƙofar da ya kamata a ce an rufe tuntuni aka bari a buɗe.

Abin da kundin ma'aikata ke yi

Kusan kowane babban kamfani yana da kundi guda da ke ɗauke da sunan kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa da rukunin da yake ciki. Wanda ya fi shahara shi ne Active Directory na Microsoft, wanda ya zo tare da Windows 2000. Harshen da na'urori ke magana da irin wannan kundi shi ne LDAP, wanda ya samo asali daga Jami'ar Michigan a farkon shekarun 1990.

Idan aka haɗa CMC da kundin, na'urar ba ta buƙatar ajiye sunayen ma'aikata. Injiniya zai rubuta sunansa na ofis da kalmar sirrinsa, na'urar ta tambayi kundin ko da gaske shi ne, kuma wane rukuni yake. Amsar da ta samu ita ke yanke abin da zai iya taɓawa. A tsarin Dell mafi sauƙi ana iya ware rukunoni har biyar, kowanne da iyakar ikonsa. Mai gadin dare da aikinsa shi ne lura da zafin na'ura sai a ba shi iznin kallo kawai. Mai kunnawa da kashewa a ba shi wannan, ba tare da ikon buɗe wa wasu asusu ba. Ikon goge rajista kuwa izni ne mai zaman kansa, kuma ya fi dacewa ya kasance a hannun mutane ƙalilan, domin wanda zai iya yin ɓarna ya kuma share sawunsa ya fi kowa haɗari.

Amfanin a bayyane yake. Rajista za ta riƙa nuna sunan mutum. Ranar da ma'aikaci ya tafi, ana rufe asusunsa a kundin duk ƙofofi 170 sun rufe a fuskarsa. Sharaɗi ɗaya dai ba a wasa da shi: maganar da ke tsakanin na'urar da kundin dole ta bi rufaffiyar hanya, yawanci ta mashiga 636, kuma na'urar ta riƙa duba takardar shaidar kundin. In ba haka ba, wani zai iya kafa kundin bogi ya zauna yana tattara kalmomin sirrin injiniyoyi.

Hujjojin masu ɗari-ɗari

Injiniyoyin da ke gudun wannan tsari suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne.

Ta farko ita ce mafi ƙarfi. Sau da yawa shi kansa kundin yana zaune ne a kan wata sabar da ke cikin akwatin. Wuta ta ɗauke, akwatin ya mutu, injiniya na son shiga CMC ya kunna sabobin, CMC na neman kundin ya tantance shi, kundin kuwa yana cikin abin da ya mutu. An kulle mukulli a cikin ɗaki. Masu waya da yawa na tune da ranar 4 ga Oktoban 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa hanyoyinsa na shiga daga nesa, har da ta ko-ta-kwana, sun mutu tare da komai, sai da aka tura injiniyoyi cibiyoyin da ƙafarsu. Darasin shi ne a bar asusun gaggawa guda ɗaya a cikin kowace na'ura, da doguwar kalmar sirri wadda ta bambanta da ta sauran, a adana ta a wuri mai tsaro, a sa ƙararrawa ta sanar duk lokacin da aka yi amfani da ita, a kuma canza ta nan take bayan haka. Kundin ma a yi masa na biyu a wani akwati ko wani gini.

Ta biyu: idan komai ya rataya a kan kundi guda, wanda ya sace asusun babban injiniya ya samu komai. Gaskiya ne. Shi ya sa asusun da mutum ke buɗe imel da shi bai kamata ya zama shi ne na shiga CMC ba, kuma a ƙara masa tantancewa ta biyu, kamar katin shaida mai ƙwaƙwalwa wanda CMC na Dell ke karɓa. Sannan waɗannan na'urori ba su da abin yi a buɗaɗɗen intanet. A 2017 aka gano cewa ana iya tsallake tantancewar iLO 4 ta hanyar aika harafin A sau 29 a wani gurbi na saƙon, abin da babu kalmar sirrin da za ta hana. A Yunin 2023 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta umarci ma'aikatun gwamnatin tarayyar ƙasar su janye irin waɗannan ƙofofi daga intanet ko su sa musu wani shinge na daban.

Akwai kuma abin da masu goyon bayan kundin kansu kan manta. Tsohuwar hanyar IPMI ba ta tambayar kundi, da asusun cikin na'ura take aiki. Wanda ya haɗa Active Directory amma ya bar tsofaffin asusu da IPMI a kunne ya gyara ƙofar zaure ne ya bar katanga a rushe. Idan ba a amfani da ita a kashe ta, tunda tun 2015 akwai sabuwar ƙa'ida mai suna Redfish da ke yin aikin ta rufaffiyar hanya.

Ina ruwan mai waya?

Lambar BVN da hoton fuska da tarihin cinikin mai karatu duk a kan irin waɗannan sabobi suke. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa kamfani ya sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Kamfanin da rajistarsa ba ta san kowa ba sai root zai sha wuya kafin ya iya bayanin wanda ya shiga da abin da ya taɓa.

Matasan da ke koyon aikin sadarwa da sabobi a yau su ne za a miƙa wa waɗannan mukullai nan gaba kaɗan. Ranar farko da aka rubuta wa sabon ma'aikaci kalmar sirrin kowa da kowa a 'yar takarda, amfaninsa ne ya nemi asusu mai sunansa, domin shi ne zai wanke shi ranar da wani ya yi kuskure.

Ɗabi'ar kuma daga gida ake koyonta. MiFi ko rautar da har yanzu sunanta admin kalmar sirrinta admin, kyamarar tsaron shago da yaron da aka sallama bara ke iya kallo a wayarsa, shafin Facebook na kasuwanci da mutum biyar ke shiga da kalmar sirrin mai shi alhali shafin na ba da damar a ba kowa iko da sunansa, duk ƙannen root da calvin ne. Gyaran waɗannan ba ya cin ko kwabo, kuma mai waya zai iya farawa yau da na'urar Wi-Fi da ke ɗakinsa.