GASKIYA TA FI KWABO, AMMA SAI DA KWABO A KAN BUGA TA

Ya 'yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini rai.

Ran wata Asabar na shiga gari, na biyo ta Titin Hammaruwa, sai na tarad da mutane sun yi cincirindo wurin wani mai sayar da jarida. Na tsaya na ƙidaya su, sun kai 15. Kowa ya sunkuya yana karanta kanun labarai, wani ya ɗauka ya duba labarin ƙwallo ya ajiye, waɗansu kuwa sun kaure da gardama a kan gwamnati har jijiyar wuya ta fito. Na yi wajen rabin sa'a a wurin ban ga wanda ya sa hannu a aljihu ba, sai wani dattijo guda. Ni ma da na ke ba ku labarin, kada in yi muku ƙarya, karatun kyauta na yi na wuce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, cikin masu gardamar nan akwai wani da ke ta ɗaga murya, wai 'yan jarida duk an saye su. Na ce a raina, to, in an saye su, wa ya saya? Ai wanda ya biya. Mu da ba mu biya ba, da wane baki za mu kai ƙara?

Jama'a, jarida ba da iska a ke buga ta ba. Akwai kuɗin takarda da tawada, akwai man inji, akwai albashin ma'aikata, akwai kuɗin motar wakilin da za a aika Gembu ko Karim Lamido ya gano abu da idonsa. Haka gidan rediyo, haka kuma jaridun da mu ke karantawa a wayar hannu. Kuɗin nan kuwa ta ƙofa uku ya ke shigowa. Ko dai gwamnati ta bayar, ko attajiri da ɗan siyasa su bayar ta hanyar talla, ko kuwa mai karatu da mai sauraro su bayar. A jiha irin tamu, inda masana'antu ba su da yawa, babban mai ba da talla shi ne gwamnati da masu neman kwangila a wurinta. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ƙofa ta uku ta toshe, edita ba shi da zaɓi, sai ya wasa aska.

Bari mu ɗan waiwaya baya. Jarida ta farko a ƙasar nan ita ce Iwe Irohin, wadda wani Bature ɗan mishan, Henry Townsend, ya fara bugawa a Abeokuta a 1859. Ba kyauta ya ke rabawa ba, wuri 120 a ke sayenta. A nan Arewa kuwa, a watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ne editanta, Dokta East kuma shi ke kula da aikin. Kuɗinta kwabo ɗaya, daga nan ta sami sunanta. Ta koya wa iyayenmu da kakanninmu son karatu, ta kuma ba talaka fili ya rubuto kukansa. Amma fa da kuɗin Gwamnatin Turawa aka kafa ta, don haka akwai iyakar da ba ta iya tsallakewa. Shi ya sa da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, su Malam Aminu Kano suka fi samun baki a Daily Comet, jaridar kamfanin Dokta Azikiwe, wadda ta koma Kano a 1949. Ita Comet ɗin ma, tare da West African Pilot, Gwamnati ta taɓa hana su fita a 1945 lokacin babban yajin aikin ma'aikata.

Ku dubi yadda Gaskiya ta ƙare. Ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian na Kaduna, wanda Gwamnatin Tarayya ta karɓe a 1975, daga baya kuma aka miƙa shi ga gwamnonin jihohin Arewa. Bashi ya ci ƙarfin kamfanin, ma'aikata suka yi wata da watanni ba albashi, injuna suka tsaya. Jaridar da ta yi shekara fiye da 70 tana hidima, ba wanda ya kafa doka ya hana ta fita. Yunwa ce ta kwantar da ita, mu kuwa masu karatu muna kallo, don mun saba ɗauka cewa ciyar da ita aikin gwamnati ne.

Sai kuma mu dubi waɗanda aka so a kashe da ƙarfi amma suka ƙi mutuwa. A 1984 gwamnatin soja ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda guda, da dokar soja mai lamba 4. Ran 19 ga Oktoba 1986 aka kashe Dele Giwa, editan Newswatch, da bam cikin ƙunshin wasiƙa a gidansa da ke Ikeja. A zamanin Janar Abacha aka rufe Guardian da Punch da Concord a 1994, aka ɗaure 'yan jarida 4 a 1995 bisa zargin hannu a juyin mulki, a 1996 kuma Bagauda Kaltho, wakilin TheNews a Kaduna, ya ɓace, bai sake komawa ga iyalinsa ba. Duk da haka Tell da TheNews da Tempo ba su daina fita ba. A ɓoye a ke buga su, yau a wannan maɗaba'a gobe a waccan, in an kwashe bugu guda a sake wani. Masu talla da yawa sun guje su don tsoro. Me ya riƙe su? Mutanen da ke tsayawa a bakin titi suna miƙa kuɗinsu suna saye. Soja ya iya rufe ofis, amma bai iya bin mutum dubu dubai yana ƙwace abin da suka saya da guminsu ba.

Yau a takarda muna da 'yanci. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa ikon faɗin ra'ayinsa da neman labari, sashe na 22 kuma ya ɗora wa 'yan jarida nauyin sa ido a kan gwamnati domin jama'a. A 2011 aka sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ce in ka rubuta wa ma'aikatar gwamnati kana neman bayani, ta amsa maka cikin kwana 7. Amma kuma akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka sha kama 'yan jarida da sashenta na 24, har sai da aka yi mata gyara a 2024. Ba sai mun je Legas neman misali ba. A ƙarshen 2022, a nan Jalingo, aka kama Ayodele Samuel, mawallafin jaridar Taraba Truth and Facts, bisa zargin ɓata suna, ya yi kwanaki a gidan kurkuku kafin a ba da belinsa. Ko abin da ya rubuta daidai ne ko kuskure, wannan aikin alƙali ne. Abin da na ke so mu lura shi ne, kowane ɗan jarida a garin nan ya ga abin da ya faru, kuma zai tambayi kansa, in ni ne, wa zai tsaya mini? In ya duba bai ga kowa ba, gobe sai ya sassauta alƙalaminsa, ba tare da kowa ya ce masa kome ba.

Wani zai ce, to, ina ruwan malamin firamare da wannan? Ruwanmu da tsaki kuwa. A daminar 2024 ruwa ya karya gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, matafiya suka koma ƙetarewa da jirgin ruwa. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta amince da kwangilar wutar lantarki ta Mambila, megawat 3,050, a kan kuɗi wajen dala biliyan 5.8, har yau kuwa ba mu ga wutar ba. Wa zai riƙa zuwa wuraren nan yana dubawa, yana tambayar masu iko, yana dawo mana da amsa? Gobe in an tura ɗayanmu wata makaranta a ƙauye, ya tarar rufi ya yaye, yara suna zaune a ƙasa, alhali a takarda an rubuta an gyara ajin, wa zai kai wa kuka in ya bi ta ofis bai sami amsa ba? Bayan wannan, jiharmu gidan ƙabilu ce, ga Mumuye, ga Jukun, ga Fulani, ga Kuteb, ga Chamba, ga Tibi, ga Mambila, ga Wurkun, ga sauransu. Mun ga yadda jita-jita guda a wayar hannu kan tayar da hankalin gari kafin la'asar. Maganin jita-jita shi ne wurin da Kirista da Musulmi, manomi da makiyayi, za su juya su ce, bari mu ji abin da su wane suka ce, don ba su saba yi mana ƙarya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Na san akwai masu cewa jaridu masu zaman kansu ma ba tsarkaka ba ne, waɗansu na 'yan siyasa ne, waɗansu wakilan kuma sai an ba su na goro a ambulan kafin su rubuta. Wannan gaskiya ne, ba na musu. Amma a tambaya, wakilin da ya yi wata uku ba albashi, aka ba shi katin shaida kawai aka ce ya je ya nemi abincinsa, me a ke so ya yi? Ban ce ya kyauta ba, amma yunwar da ta kai shi ga haka muna da kaso a cikinta. Kuma ban ce a tallafi kowace takarda da ta kira kanta jarida ba. Akwai alamu da a ke gane ta kirki. Takan ji ta bakin ɓangare biyu kafin ta buga. In ta yi kuskure takan fito ta gyara. Mai rubutu yakan sa sunansa. Takan yabi gwamnati in ta yi daidai, ta kuma faɗa mata in ta kauce, ko wace jam'iyya ke kan mulki. Wadda ta cika waɗannan, ita ce ta cancanci kwabonmu. Gidajen gwamnati irin su TSBS da NTA suna da nasu amfani wajen sanarwa da ilmantarwa, amma ba a sa ran ɗa ya tsaya a kasuwa yana faɗin laifin ubansa.

Akwai kuma masu cewa mu ɗalibai ne, ba mu da kuɗi. Haka ne, amma kowa ya lissafa abin da ya ke zubawa a katin waya cikin mako guda. Kuma haɗa taro da sisi ba baƙon abu ba ne a gare mu. Mu da muka yi makarantar mishan mun san yawancin azuzuwan da muka zauna ciki da baikon ranar Lahadi da aikin gayya aka gina su. 'Yan'uwanmu Musulmi haka su ke gina masallatai da makarantun Islamiyya. Iyayenmu mata da adashi su ke aurar da 'ya'ya. Masu sauraron Rediyon Kaduna sun daɗe suna sayen katin Zaɓi Sonka, har suka kafa ƙungiyoyi gari gari, don kawai a gai da 'yan'uwa. A Ingila ma, jaridar Guardian ta can ta roƙi masu karatunta gudummawa, a 2018 ta sanar cewa mutum fiye da miliyan ɗaya sun ba ta. In mun iya biya don a karanta sunanmu a rediyo, me zai hana mu biya don a faɗa mana gaskiya?

Ga shawarata, ba ta fi ƙarfinmu ba. Na farko, kowane aji ya kafa asusu, kowa ya riƙa jefa ko da naira 100 ce a mako, a sayi jarida guda ta Hausa irin su Aminiya, da guda ta Turanci wadda a ke bugawa a kan al'amuran jiharmu, a ajiye a ɗakin karatu. Na biyu, a sami yamma guda a mako a zauna a karanta tare, a auna labari, a ga wanda aka kawo da hujja da wanda aka kawo da zato. Na uku, mu riƙa rubuta wa editoci da gidajen rediyo, da sunanmu, mu yaba in sun yi daidai, mu gyara in sun yi kuskure, mu kuma ba su labarin ƙauyukanmu wanda muka gani da ido. Na huɗu, in an kama ɗan jarida saboda aikinsa, ƙungiyar ɗalibai ta aika wakilai su zauna a kotu cikin natsuwa, don a san yana da mutane. Na biyar, wanda ya fi duka, in mun fita aikin koyarwa mu riƙa shiga aji da jarida, mu sa yara su karanta, mu koya musu su tambaya, wa ya faɗi wannan, kuma ina hujjarsa? Yaron da ya saba da tambayar nan tun yana aji huɗu, da wuya a ruɗe shi da ƙarya in ya girma.

Ni dai na yi wa kaina alkawari, ran Asabar mai zuwa in na koma Titin Hammaruwa, ba zan bar wurin mai jaridar nan ba sai na biya. Wanda ya ga akwai gyara a maganata, ga filin nan a buɗe, ya rubuto mu ji. Allah ya ba mu kunnen jin gaskiya, ya ba masu faɗinta ƙarfin hali, amin.