Shiru Daban, Natsuwa Daban

Kwana biyu kun ji ni ɗif, kakar goro ce ta riƙe ni, kullum muna kan zaɓe da ɗaurin huhu da lodin mota har dare ya raba. To amma akwai wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro tun ranar Juma'ar da ta wuce, na ga idan ban fito da ita ba, ba zan samu barci ba.

Iyalina tana da ciki wata takwas, kuma na fari ne. A nan Sabo ta Shagamu muke zaune, inda aka haife ni, inda Baba ya shekara talatin da wani abu yana fataucin goro zuwa Arewa. A asibitin da take zuwa awo akwai wata nas, dattijuwar Bayarabiya, wadda idan an gama auna jini da duba ciki takan ware masu cikin fari gefe guda ta koya musu yadda za su riƙa numfashi idan naƙuda ta zo. Ita ce ta tura wa iyalina wasu muryoyi a waya na wata dabara da Turawa ke kira HypnoBirthing. Ni dai na raɗa mata suna naƙudar natsuwa, don harshena ya huta.

Ranar Juma'a bayan an sauko muna zaune a rumfa, sai wani kawuna ya tambaye ni yaushe zan kai ta gida goyon ciki. Na ce, "Kawu, ba za ta je ba, a nan za ta haihu in Allah ya yarda, har ma ana koya mata kaza da kaza." Ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya ce, "Kai ɗan nan, Bature ya sayar maka da abin da ke cikin gidanku. Matanmu tun kaka da kakanni shiru suke haihuwa, ko tari ba ka ji, sai dai ka ji kukan jariri. Wace natsuwa za a koya wa Bahaushiya?" Duk rumfar aka ɗauka, kowa na cewa wallahi gaskiya ne. Ni kuwa na sunkuyar da kai, don ba a yi mini tarbiyyar mayar wa babba magana a cikin mutane ba. Amma a nan zan faɗa. Kawu bai yi daidai ba, kuma irin wannan alfaharin yana cikin abubuwan da ke kashe mana mata.

Bari in fara da abin da ake koya mata ɗin, don mai karatu ya san a kan me muke jayayya. Asalin maganar daga wani likitan haihuwa ne ɗan Ingila, Grantly Dick-Read, wanda ya fitar da littafinsa na farko a kan haka a 1933. Abin da ya lura da shi shi ne, tsoro yana sa jiki ya ƙage, ƙagewar tana ƙara ciwo, ciwon kuma ya ƙara tsoro, haka abin zai yi ta kewaye kamar jaki a turke. A 1989 wata Ba'amurkiya mai suna Marie Mongan ta ɗora a kan nasa ta tsara darussa, sunan da ta sa musu ne ya bi duniya. Likitoci kuma sun san cewa akwai sinadarin da jiki ke fitarwa mai sa mahaifa ta riƙa matsawa, sunansa oksitosin, akwai kuma na firgici, wato adiranalin, wanda idan ya yi yawa yana iya sa naƙuda ta ja da baya. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san wannan ba sai an kira masa sunan sinadari ba. Akuya idan za ta haihu lungu take nema, ka dame ta kuwa sai ta miƙe ta dakata.

Kullum bayan sallar Isha'i iyalina takan jingina da matashi, ta shaƙi iska ta hanci ina ƙirga mata huɗu, ta sake ta a hankali ina ƙirga takwas, ta saki haɓa, ta saki kafaɗu, ta tattara hankalinta wuri guda. Ba barci take yi ba, ba ta kuma fita hayyacinta, ka kira ta za ta amsa. Wani abokina ya ce ai wannan borin Turawa ne. Babu girka, babu garaya, babu kiran sunan kowa. Kiɗan da ke cikin muryoyin ma mun cire shi, karatun Alƙur'ani take sawa ƙasa-ƙasa.

Amma numfashin ƙaramin ɓangare ne. Babban abin shi ne sani. Nas ɗin nan ta zana mata mahaifa a takarda, ta nuna mata yadda bakinta ke buɗewa sannu a hankali har ya kai santimita 10, ta gaya mata cewa cikin fari yakan ɗauki sa'o'i masu yawa don kada ta firgita. Ta lissafa mata alamomin da ba a jira a kansu: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, yaro ya rage motsi. Sannan ta ce mata, duk abin da kika ji ki faɗa, duk abin da ba ki gane ba ki tambaya.

To, Kawu, mu me muke gaya wa tamu yarinyar? Ba komai. Ciki ma ɓoye shi take har ya gagari zane. Uwarta ba za ta yi mata bayani ba, kunya. Ita ba za ta tambaya ba, kunya. Abu ɗaya tak ake tabbatar da ta haddace: kada ki kuskura ki yi raki, za ki bar mana abin gori, dangin miji za su yi da ke har ranar suna. Ungozoma ma a al'adarmu galibi sai yaro ya faɗo ake kiranta, ta yanke cibiya ta yi wanka. Wato yarinya 'yar shekara goma sha shida tana durƙushe ita kaɗai a ɗaki, ta cije leɓe, ta danne numfashi, jikinta ya ƙage kamar itace, ba ta san abin da ke faruwa da ita ba, ba ta san inda ciwo na al'ada ya ƙare na halaka ya fara ba. Wannan kuke kira natsuwa? Ai shi ne ainihin kewayen tsoron da likitan nan ya bayyana, sai dai mu mun ƙara masa da toshe baki.

Ba a littafi na karanta wannan ba. Ina aji biyu a sakandare aka kai yayata, wadda muke uba ɗaya, goyon ciki wani ƙauye a ƙasar Katsina. Naƙuda ta kama ta da dare, ta yi shiru. Gari ya waye ta share tsakar gida, ta yi shiru. Sai da aka ga ta kasa tsayuwa aka gane, aka kawo rubutu da jiƙe-jiƙe, aka yi ta cewa ta yi haƙuri, ita kuwa tana ta yi. Kwana biyu cur. Da aka samo mota aka kai ta asibiti, yaron ya riga ya mutu a ciki. Kansa ya daɗe yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da gabanta a jikin ƙashi, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Haka yoyon fitsari ke samuwa, ba maita ba ce, ba baki ba ne. Sai a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina aka yi mata ɗinki, Allah ya saka musu da alheri. Kafin nan miji ya aiko da takarda. Har yau idan ana labarin a gidanmu sai ka ji wata ta ce, "Allah sarki, jaruma ce, ko uffan ba ta ce ba." Ni kuwa cewa nake ina ma ta yi ihun da zai tashi ƙauyen gaba ɗaya tun daren farko.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kusan 75,000 ne suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma haihuwa kusan 16 cikin 100 ce kawai ake yi a asibiti, a nan ƙasar Yarabawa kuwa ta haura 70. Mu da muke zaune a Kurmi muna gani da idonmu. Muna yi wa matansu dariya wai suna kururuwa a ɗakin haihuwa suna kiran sunan miji. To a yi ta dariyar. Mai kururuwa dai an san halin da take ciki.

Masu jingina abin ga addini kuma su koma Suratu Maryam. Uwar Annabi Isa, wadda aka fifita a kan matan duniya, da naƙuda ta kai ta gindin dabino ta furta damuwarta a fili har ta yi fatan mutuwa. Ba a ce mata raguwa ba. Lallashinta aka yi, aka nuna mata ruwa da dabino, aka kwantar mata da hankali. Daga ina muka samo cewa mace ta gari ita ce wadda ba a jin muryarta tana naƙuda?

Kada wani ya ɗauka talla nake yi wa Turawa. Ni ɗan kasuwa ne, na san yadda ake ɗora manyan goro a bakin huhu. Akwai masu sayar da darussan nan a intanet da kuɗi masu yawa, suna nuna mata suna murmushi cikin ruwa, suna alkawarin haihuwa babu ciwo, har kalmar ciwon ma ba sa so a ambata, wai a ce igiyar ruwa ce ke zuwa tana wucewa. Wannan zuƙi ta malle ce. A 2015 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila a kan mata 680 masu cikin fari, rabi aka koya musu dabarar, rabi ba a koya musu ba. Waɗanda suka nemi allurar kashe zafi ta gadon baya sun kai kusan 28 cikin 100 a rukunin farko, kusan 30 a na biyu, wato kusan babu bambanci. Abin da ya ragu shi ne tsoro da fargaba. A 2016 masanan ƙungiyar Cochrane suka haɗa gwaje-gwaje 9 na mata kusan 3,000, suka ga mai yiwuwa tana rage shan maganin ciwo, amma ba su ga hujjar cewa tana hana a yi wa mace aiki ba. Matar Yarima William ta faɗa a 2020 cewa ta yi amfani da ita, masu talla suka yi ta yayatawa. Abin da ba sa faɗa shi ne, duk 'ya'yanta uku a asibitin St Mary's na Landan ta haife su, likitoci na tsaye a kanta. Numfashi ba ya tsayar da jini, ba ya sauke hawan jinin da ke kawo jijjiga, ba ya faɗaɗa ƙugun da ya yi wa kan yaro kaɗan. Duk wanda ya ce wa matarka ta zauna a gida tana numfashi, shi da Kawu tafiyarsu ɗaya, hula ce kawai ta bambanta.

Abin da na yarda da shi bai wuce abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2018 ba: a koya wa mace hanyoyin sassauta jiki da numfashi idan tana so, kuma a bar ta da wanda ta zaɓa ya zauna kusa da ita har ta sauka. A nan ne mu maza namu laifin yake. Mun mayar da haihuwa sha'anin mata, amma izinin fita a hannunmu yake, kuɗin mota a aljihunmu yake. Mace nawa ce ta kwana tana zubar da jini don maigida ya tafi fatauci bai bar sallahu ba? Mu 'yan Kurmi ma namu ya fi muni, mu tura yarinya tafiyar kwana guda a mota da tsohon ciki, mu kashe waya mu ci gaba da ciniki, sai dai a kira mu a ce an sauka ko a ce sai haƙuri.

Asibitin da muke zuwa ba sa barin namiji ya shiga ɗakin haihuwa, don mata da yawa ne a ɗaki ɗaya, kuma na ga dalilinsu. Saboda haka na kira surukata a waya, gabana na faɗuwa, na ce, "Inna, ina neman alfarma, maimakon a kawo miki ita, ke ki zo." Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can ta ce ba a taɓa yin haka a zuriyarsu ba, amma za ta yi shawara da Malam. Jiya ta aiko cewa za ta biyo motar da za ta dawo daga kai goro ranar Laraba. Na riga na yi magana da mai Keke Napep ɗin layinmu na karɓi lambarsa, na ware kuɗin aiki a gefe ko da za a buƙata, ƙanena kuma an gwada jininsa ya yi daidai da nata. Abin da ya rage shi ne in koya wa Inna ƙirga huɗu da takwas, kuma iyalina ta ce ita dai ba da bakinta za a fara wannan bayanin ba.