Idan kowa ya zama jarumi, wa za a ceta?

Akwai wata muhawara da ta daɗe tsakanin masu sha'awar wasannin ordinater. Wasu suna cewa, tsofaffin wasannin nan na almara, waɗanda mutum ke yi shi kaɗai, ya shiga rigar jarumi ya yaƙi dodanni da matsafa, da ma a buɗe su a intanet domin dubban mutane su shiga duniya guda su yi tafiyar tare. Ni dai a ganina, wanda ya yi haka wani wasa ne dabam ya haifar, na farkon kuwa ya binne shi. Kuma an riga an gwada, gani ya kori ji.

A shekarar 1981 wani saurayi a ƙasar Amurka, Richard Garriott, ya fito da wasan Ultima. Kashi na huɗu, wanda ya fito a 1985, shi ne ya ɗaukaka sunansa, domin a cikinsa ba a ce ma mai wasa ya je ya kashe wani babban azzalumi ba, sai aka ce ya cika halaye takwas na kirki, irin su gaskiya da tausayi da adalci da tawali'u. In ya ba maroƙi sadaka, na'ura ta rubuta masa. In ya rage ma makauniyar ƴar kasuwa kuɗin kayanta, nan ma ta rubuta. Duk ƙasar Britaniya ta cikin wasan ta zuba ido ga mutum guda.

A watan Satumba na 1997 kamfanin Origin ya buɗe wannan ƙasa ga jama'a, da sunan Ultima Online. Tun lokacin gwaji, cikin watan Agusta, alama ta bayyana. Garriott da kansa ya shigo cikin siffar Lord British, sarkin ƙasar, domin ya yi ma talakawansa jawabi, ashe ya manta bai sa kariyar da ke hana shi mutuwa ba. Sai wani ɗan wasa ya jefa masa tsafin wuta, sarki ya faɗi matacce a gaban taro. Haka kuma an sha wahala wajen tsara daji inda dabbobi ke cin ciyawa, namun dawa kuma su ci su, amma masu wasa suka afka musu da kisa har tsarin ya rushe aka cire shi. Sannan ƴan fashi suka tare hanyoyi suna kashe sababbin shiga suna kwashe musu kaya, har dole a shekarar 2000 aka raba duniyar gida biyu: Felucca inda aka bar kisa, da Trammel inda ba a taɓa mutum sai da yardarsa. Yawancin jama'a Trammel suka gudu. To, ina halayen nan takwas suka shiga?

Dalilin a fili yake. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. A wasan mutum guda, in ka kashe dodo ya mutu ke nan, gari ya huta, aikinka ya bar alama. A wasan taro kuwa tilas dodon ya sake tashi, domin akwai wasu a bayanka da suka biya kuɗinsu suna jiran nasu rabo. Labarin da ba ya ƙarewa, kuma kowa shi ne gwarzonsa, ya zama dambun da ya yi yawa, ba ya jin mai.

Amma kada mu yi rashin adalci. Mutane fiye da 100,000 suka yi rajista suna biya wata-wata, kuma wasan ya haura shekara 25 yana aiki. A cikinsa wani ya zama maƙeri, wani tela, wani masunci, suka gina gidaje, suka kafa ƙungiyoyi, suka ƙulla abota ta gaske. Wannan abu ne mai daraja, sai dai daɗinsa irin na kasuwa ne da dandali, ba irin na tatsuniya ba.

Akwai kuma abin lura. Wasan da ka saya na kanka yana hannunka, ko babu layi. Na intanet kuwa yana kan na'urorin kamfani, ranar da suka kashe su, gidanka da dukiyarka da wahalar shekaru sun tafi.

Saboda haka ina kira ga samarinmu masu koyon wannan sana'a, waɗanda ke fatan wata rana su ƙera nasu wasannin: ku yanke shawara tun da fari. In labari kuke so ku bayar, ku bar jarumi guda ya kai shi ƙarshe. In kuwa gari kuke so ku kafa, to ku fara da doka da alƙali tun kafin ku buɗe ƙofa, domin mutane za su shigo da halinsu.