A Salem, wanda ya amsa maita shi ya tsira

A shekarar 1692, a garin Salem na yankin Massachusetts, lokacin Amurka tana hannun Turawan Ingila, an rataye mutum 19 kan zargin maita, mata 14 da maza 5. An ɗora wa wani tsoho mai suna Giles Corey duwatsu a ƙirji har ya cika, don ya ƙi buɗe baki a gaban kotu. Aƙalla biyar sun mutu a kurkuku. Waɗanda aka zarga sun haura 200. Wannan lissafi ana yawan kawo shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mutum fiye da 50 sun amsa cewa su mayu ne, kuma duk wanda ya amsa ya tsaya kan maganarsa, igiya ba ta taɓa wuyansa ba. Masu rantsuwa da Allah cewa ba su san komai ba, su aka kashe.

Shi ya sa ba na yarda da masu cewa jahilci da ruɗani ne kawai suka kama mutanen Salem. Ruɗani ya fara abin, amma kotu ce ta raine shi har ya girma.

Mutanen nan ƴan Furitan ne, Kiristoci masu tsanani da suka baro Ingila don su kafa al'umma tsarkakakkiya a ganinsu. Sun yi imani Shaiɗan yana ɗaukar ma'aikata cikin mutane, yana sa su saka hannu a littafinsa. Kuma lokacin a tsorace suke. Ana yaƙi da Faransawa da ƴan asalin ƙasar a iyakar arewa, ƴan gudun hijira daga Maine sun shigo da labaran ƙone-ƙone. Ingila ta soke takardar mulkin yankin tun 1684, sabuwa ba ta zauna ba tukuna. A ƙauyen Salem kuwa an daɗe ana zaman doya da manja tsakanin gidan Putnam da gidan Porter, fasto Samuel Parris kuma yana rigima da mabiyansa kan albashi, har da itacen wuta.

A gidan faston nan aka fara. Ɗiyarsa Betty, mai shekara 9, da ƴar uwarta Abigail Williams, mai 11, suka riƙa zabura suna ihu, suna cewa ana mintsinin su. Likita ya duba bai ga ciwo ba, ya ce akwai hannun mugu. Aka matsa wa yaran: wa ke azabtar da ku? Suka ambaci mata uku. Dubi su wane ne: Tituba, baiwar gidan, Sarah Good, mabaraciya, da Sarah Osborne, mai jinya wadda ta daina zuwa coci. Babu mai gata a cikinsu.

Ranar 1 ga Maris, 1692, aka gurfanar da su gaban alƙalai John Hathorne da Jonathan Corwin. Good da Osborne suka musa. Tituba ta amsa, ta ƙara da cewa ta ga littafin Shaiɗan, kuma akwai sauran sunaye a ciki. Baiwa ce, ta san abin da iyayen gijinta ke son ji. Ba a rataye ta ba, kuma kowa a garin ya lura da hakan. Daga ranar duk wanda aka kama ya san hanyar fita: ka amsa, ka ambaci wani. Wanda aka ambata shi ma ya amsa, ya ambaci wani. Kowace amsawa kuma sai ta zama hujja ga alƙalai cewa lallai akwai ƙungiyar mayu. Ina ƙarshen wannan?

Sai kuma irin shaidar da suka karɓa. Yarinya za ta ce siffar wance ta zo mata cikin dare ta shaƙe ta. Wance ta kawo mijinta da maƙwabta su ce tana gida ba ta fita ba, sai a ce ai gangar jikin ce ke gida, siffar ta fita aiki. Babu abin da mutum zai kawo ya wanke kansa, don mai ƙara kaɗai ke ganin laifin. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Mun san yadda ake yi idan zazzaɓi ya hau kan yaro yana sambatu ya kira sunan wata tsohuwa: kafin a kai shi asibiti an ce ta kama masa kurwa, an jawo ta a ce sai ta tsallaka shi. Ta ƙi, an ce taurin kan mayya ne. Ta tsallaka ya samu sauƙi, an ce ga shi ta sake shi. A garin Andover, kusa da Salem, kusan haka aka yi: a rufe wa wanda ake zargi ido, a kai hannunsa jikin mai zabura, idan ta natsu to ya tabbata maye.

Bambancin shi ne a Salem ba ƴan unguwa ne da sanduna ba. Gwamna William Phips ne ya kafa kotu ta musamman a watan Mayu, ya ɗora William Stoughton a kai, mutumin da ya yi karatu a Harvard da Oxford. Masu ilimi ne, manyan gari. Shari'ar Rebecca Nurse ta ishe ni misali. Tsohuwa ce mai shekara 71, kowa ya shaide ta da ibada, maƙwabta 39 suka sa hannu a takarda suna wanke ta. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ba ta da laifi. Yaran suka ɓarke da kururuwa a cikin kotu. Stoughton ya sa aka sake duba wata magana da ta faɗa. Aka tambaye ta, ba ta amsa ba, don kunnenta ya yi nauyi. Shirun nan aka riƙe. An rataye ta ranar 19 ga Yuli. A nan kotu ta samu ƙofar tsayawa a buɗe, alƙali ya rufe ta da hannunsa.

Kada a ce zamanin ne haka, babu wanda ya gane. Nathaniel Saltonstall, ɗaya daga alƙalan, ya ajiye aikin tun bayan da aka yanke wa wata mata mai suna Bridget Bishop hukunci a watan Yuni. Ranar da aka rataye George Burroughs, tsohon faston ƙauyen, ya karanta addu'ar da suka yi imani maye ba ya iya kammalawa, ya kammala ta tsaf, jama'a suka fara gunaguni, sai fasto Cotton Mather ya lallashe su aka ci gaba. (Masu cewa wata cutar hatsi ce ta gigita yaran, ra'ayin da ya fito a 1976, ko da sun yi gaskiya, alƙalan ai ba su ci gurɓataccen hatsi ba.)

Yadda abin ya tsaya ma abin lura ne. Zargi ya bar mabarata ya fara hawa gidajen manya. A watan Oktoba Increase Mather, mahaifin Cotton, ya fito da rubutu yana sukar dogaro da shaidar siffa, gwamna ya rushe kotun. Sabuwar kotu da ta ƙi dogara da wannan shaida ta wanke kusan kowa. Mutanen ba su daina yarda da maita ba, yaran ma suna nan. Ƙa'idar shaida kawai aka canza, kisa ya tsaya.

A 1697 alƙali Samuel Sewall ya miƙe tsaye a coci aka karanta takardar neman gafararsa. Ann Putnam, ɗaya daga yaran, ta nemi tata a 1706. A 1711 aka raba wa iyalai diyyar fam 578. A cikin masu karɓa akwai William Good, wanda aka rataye matarsa Sarah, aka kuma ɗaure ɗiyarsa Dorothy, mai shekara 4, da sarƙa watanni a kurkuku, ta fito hankalinta bai sake daidaita ba. Elizabeth Johnson, da aka yanke wa kisa ba a zartar ba, sai a 2022 aka wanke sunanta, bayan ɗaliban wata makaranta sun matsa wa majalisar jihar.

Stoughton bai taɓa neman gafara ba. Ya riƙe gwamnatin Massachusetts shekaru bayan haka, ya rasu a 1701 da mutuncinsa. Akwai gari mai sunansa a jihar, akwai kuma ɗakin kwanan ɗalibai a Harvard da ake kira da shi.