Ranar da Ƙasa Ta Motsa a Mpape



Duk wanda ya kwana a Mpape tsakanin ran 5 da ran 7 ga watan Satumba na shekarar 2018 ba ya bukatar a ba shi labarin yadda ƙasa ta yi gurnani a ƙarƙashin ƙafafun mutane, tagogi suka ɗauki karkarwa, magidanta suka kwashi iyali suka yi waje cikin firgita, alhali kuwa wannan gari ne da kunnuwan mutanensa suka daɗe da sabawa da ƙarar nakiyar masu fasa dutse. Motsin ya kai har Maitama, sai Ministan Abuja na wancan zamani, Malam Muhammad Musa Bello, ya ba da umarni a dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse a yankin. Aka kwana biyu, aka manta. Sai ga shi a Satumbar 2024, watan da madatsar Alau ta ɓalle ta malale Maiduguri, ƙasar Mpape ta sake motsawa.

Na taɓa tambayar wani ɗan maƙwabcina, ɗan aji huɗu, ko me zai yi in ƙasa ta girgiza yana cikin aji, ya ce zai ruga. Na ce ina? Ya yi shiru yana wasa da igiyar jakarsa. Wannan yaro ya haddace Suratuz Zalzala tun yana makarantar allo, yana karanta ta ba tuntuɓe, amma ba a taɓa samun wanda ya zaunar da shi ya gaya masa cewa gudun da yake nufin yi shi ne mafi hatsari ba, domin idan yara masu yawa suka nufi ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya, turereniya kan yi ɓarnar da girgizar kanta ba ta yi ba.

Ilmin da ake bukata kuwa bai kai nauyin alƙaluman lissafi ba. A koya wa yaro ya durƙusa, ya shige ƙarƙashin tebur, ya kare kansa da wuyansa da hannuwa har motsin ya lafa, sa'an nan a fita a jere zuwa fili, nesa da katanga da turakun lantarki, malami ya buɗe rajista ya kira suna ɗaya bayan ɗaya. A haɗa masa da cewa ba a tsallake ruwa mai gudu da damina ko da bai wuce gwiwa ba, kuma ramukan da masu fasa dutse suka bari ruwa ya cika su, duk kyan da suke da shi a hoto, ba wurin wanka ba ne. Lambar neman agaji, 112, a haddace ta kamar karatu.

Wani zai ce ai abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Haƙiƙa haka ne, sai dai malamanmu ba su taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba, kuma Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tanadin shekara bakwai ya tari yunwar Masar. A zamaninmu ma, ran 26 ga Disamba 2004, wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10, Tilly Smith, ta ga alamun hatsari a teku a gaɓar Phuket ta ƙasar Tailan, ta tuna da darasin labarin ƙasa da aka yi musu makonni biyu kafin nan, ta matsa wa iyayenta har aka kwashe mutane kafin igiyar ruwa ta iso. Mutanen Japan kuwa sun keɓe ran 1 ga Satumba kowace shekara don atisaye, saboda tunawa da girgizar ƙasar 1923.

Don haka muke roƙon hukumar ilmi ta ƙaramar hukumar Bwari, da hukumar agajin gaggawa ta Abuja, da shugabannin makarantun boko da na Islamiyya a Mpape, su ware rabin sa'a a farkon kowane zango, a kaɗa ƙararrawa ba tare da sanarwa ba, a duba agogo a ga minti nawa yara za su ɗauka kafin su taru a fili.